Yadda Ake Kula da Lafiyar Kyanwar Cikin Gida: Rigakafi, Maganin Tsutsa da Lissafin Kuɗi

Tambayar da masu kiwon kyanwa suka fi yi ita ce: "Tawa ko ƙofar gida ba ta leƙawa, ita ma sai an kai ta asibiti an yi mata allura?" E, sai an kai ta. Zaman ɗaki yana raba ta da mota da kare da faɗan muzurai, amma ba ya raba ta da cutar da ke shigowa a tafin takalminka, ko ɓeran da ta kama a kicin, ko jemagen da ya faɗo daga silin. Ga yadda aikin yake tun daga ranar da ta shigo gida. A bi shi a jere, domin wanda ya yi allura kafin ya fitar da tsutsa, ko ya yi tiyatar hana haihuwa kafin rigakafi, yakan biya sau biyu.

1. Nemo likita tun tana lafiya

Asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha sun fi sauƙin kuɗi, amma aikinsu ya fi karkata ga shanu da tumaki da kaji, kuma ba kowanne ne ke ajiye allurar kyanwa ba. Asibitocin koyarwa na jami'o'i, kamar na Ahmadu Bello a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri, suna duba ƙananan dabbobi kuma suna da ɗakin gwaji. A Kano, Kaduna, Jos da Abuja akwai masu zaman kansu da suka saba da karnuka da maguna. Kafin ka kama hanya, ka kira ka yi tambaya uku: akwai allurar rigakafin kyanwa mai haɗin uku, wato mai kare cuta uku, a firij yanzu haka? Ana yi wa kyanwa tiyata a nan? In abu ya taso da dare, wa za a kira?

Mai shagon maganin dabbobi ba likita ba ne, ko da ya iya riƙe sirinji. Likitan dabbobi na gaskiya yana da rajista da majalisar likitocin dabbobi ta Najeriya, kuma tambayarsa lambar rajista ba raini ba ne.

Kayan da za ka tanada kaɗan ne: akwatin ɗaukar kyanwa, ko kwandon roba mai murfi da za a ɗaure da igiya, tsohon tawul, sikeli, mataji mai ƙananan haƙora, abin yanke farce, da littafi guda wanda za a riƙa rubuta nauyi da ranakun magani.

Gargaɗi: kada a rungumi kyanwa a hannu a shiga adaidaita sahu ko a hau acaɓa da ita, kada kuma a sa ta a buhu. Ƙarar hon ɗaya ta isa ta yakushe ka ta dira a titi. A rufe kwandon da tawul don ta natsu, a fita da sassafe a lokacin bazara, kuma kada a bar ta a mota a rufe ko na minti biyar.

2. Kintata kwanakinta, sannan ziyarar farko

Duk jadawalin da ke tafe a kan makonni yake, don haka sai an san kwanakinta. Ido yana buɗewa tsakanin kwana 7 zuwa 10. Launinsa shuɗi ne har zuwa wajen mako 6 ko 7, sannan ya fara sauyawa. Lafiyayyen ɗan kyanwa yana ƙara kimanin giram 100 a mako, wato a mako 8 zai kai giram 800 zuwa kilo 1. Haƙoran girma na gaba suna fitowa wajen wata 4, kuma zuwa wata 6 ko 7 duka 30 sun cika. Kada ka karɓi wanda bai kai mako 8 ba matuƙar uwarsa na raye tana shayarwa.

Ka ba ta kwana uku zuwa mako guda ta saba da gida, kana lura da cinta da kashinta, sannan ka kai ta. In tana zawo, ko amai, ko kwantsa ta rufe mata ido, ranar za a tafi. In akwai wata kyanwar a gidan, sabuwar ta zauna ɗaki daban na mako biyu da nata kwanon da nata yashin.

A ziyarar farko likita zai auna nauyi da zafin jiki, wanda daidai shi ne digiri 38 zuwa 39.2. Zai duba ido, cikin kunne, dasashi, fata, ya taɓa ciki, ya saurari ƙirji. Ka tafi da ɗan kashinta na ranar a leda don a duba ƙwan tsutsa. Ka nuna masa duk inda gashi ya zube ya yi da'ira, domin makero ne sau da yawa, kuma yana kama yaran gida.

In saye ka yi, musamman irin kyanwar Farisa mai yawan gashi da ake tallatawa a Instagram, kalmar "an yi mata komai" ba hujja ba ce. Hujja ita ce kati mai ɗauke da kwanan wata, da tambarin da aka ɓare daga jikin kwalbar allurar aka liƙa, da sa hannun likita. Babu wannan, a ɗauka ba a yi komai ba, a fara daga farko.

3. Tsutsa da ƙuma, kafin kowace allura

'Ya'yan kyanwa suna ɗaukar macijin ciki ta nonon uwa, shi ya sa ake ba su magani ko ba a ga komai a kashi ba. Alamar mai yawan tsutsa ita ce ƙaton ciki da ramammen jiki da gashi a hargitse. Jikin da tsutsa ta cinye ba ya karɓar rigakafi yadda ya kamata, don haka ana ba da magani kamar mako guda kafin allurar farko.

Tsarin shi ne: daga mako 3, duk bayan mako biyu har zuwa mako 8 ko 9, daga nan wata-wata har wata 6, bayan haka duk wata uku ga wadda ke kama ɓera, tsaka ko kyankyaso, wanda shi ne halin yawancin gidajenmu. Wadda ba ta farauta kuma ba ta cin ɗanyen nama, sau biyu a shekara ya wadatar.

Magani ɗaya ba ya kashe kowace tsutsa. Pyrantel yana maganin macijin ciki, amma tsila sai praziquantel, miligiram 5 ga kowane kilo. In ka ga wani abu kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya ko a shimfiɗarta, tsila ce, kuma ta hanyar haɗiye ƙuma ko cin ɓera ake samunta, saboda haka in ba a kashe ƙuma ba za ta dawo. Ƙwayar Drontal ta kyanwa ta haɗa biyun, ƙwaya ɗaya ga kilo 4, kuma ba a ba wa wanda bai kai mako 6 ba. A auna nauyi duk lokacin da za a ba da magani: ka hau sikeli da ita, ka hau kai kaɗai, ka debe.

Wajen ba da ƙwaya, a naɗe ta a tawul kai kaɗai a waje, a ɗaga kan sama, a janyo haɓa ƙasa da yatsa, a jefa ƙwayar can bayan harshe, a rufe bakin a shafa maƙogwaro. In ta lashi hanci ta haɗiye. A bi da ɗan ruwa ko abinci mai laushi don kada ƙwayar ta maƙale.

Gargaɗi: albendazole na tumaki da ivermectin na shanu ba na gida ba ne. Na farkon yana iya lalata ɓargon ƙashin kyanwa, na biyun kuma ƙarfinsa na dabba mai ɗaruruwan kilo ne, ɗigo kaɗan ya wuce kima ga ɗan kyanwa ya sa shi makanta da tangaɗi da suma.

Ita kuwa ƙuma, ka taje gashin a kan farar takarda mai damshi. Baƙin garin da ya zubo, in ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne. Maganin ɗigawa na kyanwa mai fipronil, irin Frontline, ana fara shi daga mako 8 in ta kai kilo 1. A buɗa gashin ƙeya, a ɗiga a kan fata inda harshe ba ya kaiwa, kada a yi wanka har kwana biyu, a maimaita wata-wata. Wanda bai kai mako 8 ba, mataji da ruwan ɗumi kawai. Mafi yawan ƙuma ba a jikinta suke ba, ƙwai ne a kafet da ƙarƙashin kujera, don haka a wanke shimfiɗarta da ruwan zafi a shanya a rana, a share lungu da saƙo.

Gargaɗi mafi girma a wannan mataki: ka karanta kwali. In ka ga kalmar permethrin, na kare ne, kuma yana kashe kyanwa. Alamarsa karkarwa da dalalar miyau da jijjiga cikin sa'o'i kaɗan. Haka maganin wankan kaska na shanu, haka Sniper da fiya-fiya. Babu adadin da ya yi "kaɗan" a cikinsu.

4. Allura mai haɗin uku

Wannan ce ginshiƙi. A jikin kwalba za ka ga FVRCP ko RCP, ko sunan kamfani kamar Felocell, Nobivac Tricat ko Purevax. Tana kare cuta uku. Biyu na mura ne, masu kawo atishawa da kwantsa da gyambon baki. Ta ukun ita ce mai kisa, likitoci suna ce mata fanlukofeniya: zazzaɓi, amai, zawo, ɗan kyanwa ya zauna a gaban kwanon ruwa ya kasa sha, kwana biyu ko uku a wayi gari babu shi. Ƙwayar wannan cuta tana iya yin shekara guda a ƙasa tana raye, kuma ita ce ke shigowa a takalmi da hannun baƙon da ya taɓa wata kyanwa.

Ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 zuwa 4, har sai ta ƙarshe ta faɗo a mako 16 ko bayansa. Mafi sauƙin riƙewa shi ne mako 8, mako 12, mako 16. Sai ta ƙarfafawa tsakanin wata 6 da shekara guda. Daga nan wadda ba ta fita kuma ba ta cuɗanya da wasu maguna tana iya yin shekara uku kafin wata. Gidan da ke da maguna da yawa ko ake kawo sababbi, likita zai ce shekara-shekara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayawa bayan ta farko. Dalilin maimaitawar shi ne, kariyar da ɗan kyanwa ya sha a nonon uwa tana kashe ƙarfin allura, kuma ba a san makon da za ta gushe a jikin kowane ɗa ba. A wasu tana kaiwa mako 14 har fiye. Wanda aka yi wa a mako 8 kaɗai zai iya zama tamkar ba a yi masa ba. Ta mako 16 ɗin ita ce wadda ba a wasa da ita. In an makara har tazara ta wuce mako shida, a faɗa wa likita gaskiya, zai iya ƙara guda. Babbar kyanwa da ba a san tarihinta ba, allura biyu ce, tsakaninsu mako 3 zuwa 4.

Yanzu batun da ke ɓata aiki a ƙasarmu: sanyi. Allurar rigakafi tana zama ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ta yi zafi ta mutu, in ta daskare ta lalace, kuma ido ba ya ganewa. Da irin wutar lantarkin da muke da ita, tambayar "me ke riƙe firij ɗinku in an ɗauke wuta?" tambaya ce mai kyau. Ka ga an ɗauko kwalbar daga firij a gabanka, ka duba ranar ƙarewarta, ka ga an haɗa garin da ruwansa nan take, domin bayan haɗawa ba ta wuce awa guda. In likita ne zai zo gida, ta zo a kula mai ƙanƙara, ba a aljihu ba. Kada ka saya a kasuwa ka yi da kanka. Kuɗin da ka rage bai kai asarar allurar da ta kwana a rana a tasha ba.

Ba a yi wa mai zazzaɓi, mai zawo ko wadda ta daina ci. Mai ciki ma ba a yi mata irin mai rayayyar ƙwayar cuta, domin tana taɓa ƙwaƙwalwar 'ya'yan.

Bayan allura ka zauna a asibitin minti ashirin zuwa talatin. Kasala da rage ci na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Kumburin fuska, amai a jere ko numfashi da ƙyar, a koma nan take. Ƙaramin kullutu a wurin allurar yakan baje da kansa, amma in ya wuce wata uku, ko faɗinsa ya fi santimita 2, ko yana ƙara girma bayan wata guda, a kai a duba, don akwai wani ciwon daji da ba kasafai ake samu ba da ke tasowa a wurin allura. Saboda shi ne likitoci da dama suka koma yi a ƙafa maimakon tsakanin kafaɗu. A rubuta a kati wace ƙafa aka yi wa.

In kyanwa ta taɓa mutuwa da amai da zawo a gidan, kada a kawo ɗan da bai gama allurarsa ba. A wanke ƙasa da kwanoni da ruwan bilic irin Hypo ko Jik, kashi 1 cikin 32 na ruwa, kamar mililita 30 a lita guda, a bar shi minti goma, a ɗauraye, ya bushe kafin kyanwa ta taka.

5. Allurar haukan kare

Sunan cutar ne ke ruɗar mutane, su ɗauka ta karnuka ce kawai. Kyanwa tana kamuwa, tana kuma sa wa mutum ta cizo ko yakushi mai haɗe da miyau, kuma da zarar alamu sun bayyana babu magani. Wannan allura ta iyalinka ce kamar yadda take ta kyanwar. Ana yin ta farko daga mako 12, a maimaita bayan shekara guda, sannan shekara-shekara kamar yadda aka saba a Najeriya. Ana iya haɗa ta rana ɗaya da ta mako 12 ko ta mako 16, a wata ƙafa daban.

Gargaɗi: ka tabbata kwalbar ta ambaci kyanwa, kamar Rabisin ko Nobivac Rabies. Akwai tsohon samfuri mai rayayyar ƙwayar cuta da aka yi don karnuka kaɗai, kuma yana da haɗari ga kyanwa. Wannan ya fi muhimmanci lokacin gangamin allura kyauta da ake yi a wasu jihohi wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. Gangamin alheri ne, a je, amma a tambaya, a kuma karɓi takardar shaida.

In ta ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cikakku, a tafi asibiti ranar da katin kyanwar a hannu. Ita kuma kada a kashe ta, kada a kore ta. A killace ta kwana 10 ana lura, domin lafiyarta a kwanakin nan bayani ne da likitan mutum ke buƙata.

6. Allurar sankarar jini

Ana rubuta ta FeLV. Cutar tana yaɗuwa ta lasar juna da cin kwano ɗaya. Ana son yi wa 'ya'ya, allura biyu daga mako 8, tsakaninsu mako 3 zuwa 4, bayan gwajin jini ya nuna ba su da ita. Babbar kyanwa tilo da ba ta fita ba ta buƙatar a ci gaba da yi mata. In aljihu ya yi nauyi, wannan ce za a jinkirta, ba biyun da suka gabata ba.

7. Dandaƙa da cire mahaifa

Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, kuma cikin kwana 63 zuwa 65 ne. Wadda aka kulle ba a yi mata aiki ba za ta riƙa kuka da birgima duk mako biyu ko uku tana neman hanyar fita. Muzuru kuma zai fara fesa fitsari mai wari a labule da bango. Lokacin aikin shi ne wata 4 zuwa 6, bayan an gama rigakafi. Cire mahaifa kafin ta fara neman muzuru yana rage haɗarin sankarar nono ƙwarai, yana kuma kawar da ruɓewar mahaifa gaba ɗaya.

Likita zai faɗi sa'o'in da za a hana ta abinci kafin allurar barci. A bi daidai, ruwa kuwa ba a cika hanawa ba. Ka tambaya tun farko ko kuɗin ya haɗa da maganin zogi da cire zare. Bayan aiki, a ajiye ta wuri mai ɗumi a ƙasa, kada ta hau sama, a sa mata kwalar roba a wuya don kada ta tsinke ɗinki. A duba wurin safe da yamma: ja kaɗan daidai ne, amma ruwa mai wari, buɗewa ko ƙin ci fiye da kwana guda, a koma. Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. A 'yan kwanakin farko a sa yagaggiyar takarda a maimakon yashi. Daga baya a rage abinci da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, in ba haka ba ƙiba za ta biyo.

Gargaɗi biyu. Ba a dandaƙe muzuru da zoben roba ko matsi irin na bunsuru da rago. Halittarsa daban ce, azaba ce da ruɓewa. Kuma allurar tsarin iyali ta mata da wasu ke yi wa kyanwa don ta daina kuka tana jawo ruɓewar mahaifa da kumburin nono da ciwon suga. Tiyatar da aka guje wa ita za a yi daga baya, cikin gaggawa, da kuɗi mafi yawa.

8. Abin da ke hannunka kullum

Kyanwa maciyiyar nama ce. Tuwo da miya ko shinkafa da mai ba sa riƙe ta. Rashin wani sinadari na nama mai suna taurin yana kawo makanta da ciwon zuciya sannu a hankali. Albasa da tafarnuwa suna fasa jininta, saboda haka naman miya da tsire da kilishi ba nata ba ne. Madara tana sa yawancinsu zawo. Hanta sau ɗaya a mako ta isa. Ƙashin kaza dafaffe da ƙayar kifi a cire su. Mai kilo 4 tana buƙatar ruwa kimanin mililita 200 a rana har da wanda ke cikin abinci. In busasshen abinci na leda take ci, a ajiye kwanon ruwa biyu ko uku nesa da yashinta, musamman ga muzuru a watannin zafi.

A kwashe kashi kullum. Akwatin yashi ya zama ɗaya ga kowace kyanwa, da ƙarin guda. Yashin da aka ɗebo a waje yana zuwa da ƙwan tsutsa da ƙuma, a tankaɗe shi a soya a tsohon kasko kafin a zuba. Mai juna biyu ba sai ta rabu da kyanwarta ba: wani ya riƙa kwashewa, ko ta sa safar hannu ta wanke hannu, kuma kwashewar kullum ita ce kariya, domin ƙwayar cutar da ake tsoro, mai iya cutar da ɗan da ke cikin mace, sai ta kwana ɗaya zuwa biyar a kashi kafin ta iya kama mutum.

Sau ɗaya a mako ka ɗauki minti biyar: dasashi ya zama ruwan hoda, ba fari ko rawaya ba, kunne babu baƙin datti kamar garin shayi, haƙarƙari ya taɓu a hannu amma kada ya fito fili. In tana barci ka ƙirga numfashi na minti guda, kada ya wuce 30 zuwa 35. A yanke tsinin farce duk mako biyu ko uku, a tsaya kafin jan da ke ciki. Mai dogon gashi taza kullum, in ba haka ba zai dunƙule ya ci fata.

9. Gubar da ke cikin gida

Farasitamol yana kashe kyanwa, ko rabin ƙwaya, ko na ruwa na yara. Hantarta ba ta iya sarrafa shi. Fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Ibuprofen da diclofenac suna kashe ƙoda. Dettol da Izal guba ne gare ta, ko ta taka ta lashe ƙafa, don haka ba a wanke mata ciwo da su. Ruwan gishiri mai ɗumi, ƙaramin cokali a rabin lita, ya isa kafin a ga likita. In za a fesa maganin sauro a fitar da ita da kwanoninta sai ɗakin ya sha iska. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa suna tayar da asma ga mai tari, a bar mata ƙofar wani ɗakin a buɗe. Maganin ɓera yana kama ta ko ta ci shi ko ta ci ɓeran da ya ci. Zare da allurar ɗinki da robar ɗaure kuɗi a ɓoye su. In ka ga zare na leƙowa daga baki ko dubura, kada ka ja.

In ta sha guba, kada a ɗura mata manja ko madara ko ruwan gishiri. Ba sa karya guba, kuma suna iya faɗawa huhu. In a fata take, a wanke da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke, a naɗe ta, a ɗauki kwalbar abin a tafi.

10. Abin da ba ya jiran gobe

Muzurun da ke yawan zuwa yashi yana yunƙuri yana kuka ba fitsari, mafitsararsa ta toshe. Mutane sukan ɗauka kashi ne ya ƙi fita su jira, alhali kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ya mutu. Haka numfashi da baki a buɗe, domin kyanwa ba ta haki kamar kare sai da matsala. Haka ƙin ci na awa 24 ga babba, ko rabin yini ga ɗan ƙarami. Mai ƙiba in ta yi kwana biyu ko uku ba ci, hantarta ke lalacewa. Sai jijjiga, jan ƙafafun baya farat ɗaya, da amai fiye da sau uku a yini.

11. Shekara-shekara

Bayan shekarar farko aikin ya yi sauƙi: ziyara guda a shekara, a auna ta, a duba haƙora, a yi allurar haukan kare, a duba ko lokacin ta haɗin uku ya yi. Warin baki da jan dasashi ba tsufa ba ne, ciwo ne da ake wankewa. Daga shekara 7 a fara gwajin jini da fitsari, daga 10 a koma sau biyu a shekara. Tsohuwar da ta fara yawan shan ruwa da yawan fitsari tana ramewa, a duba ƙoda da suga tun da wuri.

12. Lissafin kuɗi

Allurar haɗin uku da maganin ƙuma da mafi yawan abincin leda daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuɗin bara ba ya zama na bana. Saboda haka hanyar da ta fi ita ce ka rubuta abubuwan, ka kira asibiti biyu ko uku su ba ka farashin kowanne daban.

Shekarar farko, in ka karɓe ta a mako 8: kuɗin buɗe kati sau ɗaya, kuɗin ganin likita, wanda wasu ke haɗawa da na allura wasu ke rabawa, a tambaya, haɗin uku sau uku, da ta ƙarfafawa, haukan kare sau ɗaya, maganin tsutsa sau shida ko bakwai, maganin ƙuma gwargwadon buƙata, gwajin kashi, tiyata, da kuɗin mota na zuwa huɗu ko biyar. Tiyata ce mafi tsada, kuma ta mace ta fi ta muzuru saboda ana buɗe ciki. Haɗin uku ta fi ta haukan kare tsada. Maganin tsutsa shi ne mafi araha a jerin. Shekarun da ke biye ba sa kai ta farko, sai lokacin da tsufa ya kawo gwaje-gwaje.

Inda ake ragewa ba tare da cutarwa ba: a haɗa allura biyu a zuwa ɗaya; a kai ta asibiti maimakon kiran likita gida; a yi tiyata a asibitin koyarwa; masu maguna a unguwa ɗaya su sa rana guda su raba kuɗin zuwan likita. Inda ba a ragewa: allurar mako 16, sanyin allura, da maganin zogi bayan tiyata.

In ka tara jimlar shekara, ka raba ta 12 ka riƙa ware wannan duk wata kamar zubin adashi. Misali in lissafinka ya ba da naira 60,000, to 5,000 ke nan a wata. A gefe kuma ka ajiye wani kuɗin da ya kai na tiyata guda, kada a taɓa shi, domin toshewar fitsari ko shan guba suna zuwa da ƙarin ruwa da kwanciya na kwanaki, kuma asibitoci da yawa sai an ajiye wani abu kafin su fara. Katin rigakafin a ɗauki hotonsa a waya bayan kowace ziyara, a sa ranar allura ta gaba a kalandar waya da tunatarwa kwana uku kafin ta, don a samu kiran asibiti a ji ko allurar tana nan.